Abin da ya sami yaro a goye, shi ne ke bin sa har samartaka?

"Likita, ni malamar sakandare ce, kuma uwa. Kwanakin baya na ji a rediyo ana maganar wani bincike a Afirka ta Kudu, wai an ɗauki yara tun daga haihuwa ana bin su har suka girma, aka gano cewa abin da ya sami yaro yana ƙarami shi ke dawo masa da ciwo idan ya balaga. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ɗana na biyu bakwaini na haife shi, ya yi tamowa wajen yaye, ni kuma a lokacin ina cikin wani hali a gidan aurena na fari, kuka dare da rana. Yanzu shekararsa 15, ya daina fita ƙwallo, ba ya son magana, kullum kansa na ciwo. Mene ne gaskiyar irin wannan bincike? Kuma abin da ya riga ya faru ne ya kama shi, babu makawa?"

Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya. Tambaya biyu kika rubuta: gaskiyar binciken, da kuma ko abin da ya wuce ya riga ya yanke wa yaron hukunci. Akwai ta uku da ba ki rubuta ba, ina kuma jin ita ce ke hana ki barci, wato ko ke kika jawo masa. Ni likitan yara ne da ya karkata zuwa lafiyar al'umma, na kuma taɓa aikin bibiyar masu jego da jariransu gida-gida, don haka fage ne da nake ƙauna ƙwarai. Binciken gaskiya ne, abin da ya gano ma gaskiya ne. Sai dai mudunsa na auna taron jama'a ne, ba ya iya nuna yaro ɗaya ya ce ga yadda za ka ƙare. Masu irin wannan bincike da kansu sun gwada hakan sun ga ba ya yiwuwa, zan kuwa kai ki inda suka gwada.

Dalilin farawa tun daga zanin goyo

Hanya mafi sauƙi ta neman tushen ciwon matashi ita ce a zaunar da shi da mahaifiyarsa a tambaye su abin da ya faru a baya. Haka muke yi kullum a asibiti, kullum kuma muna ganin inda hanyar take yoyo. Uwar da ɗanta ke kwance takan tono komai: faɗuwar da ta yi da tsohon ciki, zazzaɓin da ya yi yana wata huɗu, ranar da ta mare shi. Maƙwabciyarta da ɗanta ke lafiya lau, ita ma ta faɗi da ciki, nata ma ya yi zazzaɓin, amma ta manta, domin babu abin da ya sa ta tuna. Wanda ya kwatanta amsoshin matan nan biyu sai ya rantse faɗuwar ce ta kawo ciwon. Haka ma mai ciwon damuwa, idan ya waiwayi ƙuruciyarsa takan yi masa duhu fiye da yadda take a lokacin.

An ma auna girman wannan yoyon. A 2019 wasu masana a Landan suka tattara nazarce-nazarcen da aka rubuta halin yara tun suna ƙanana, aka kuma sake tambayarsu bayan sun girma. Fiye da rabin waɗanda takarda ta nuna an ci zarafinsu a ƙuruciya ba su ambata ba da aka tambaye su daga baya. Fiye da rabin waɗanda suka ce an ci zarafinsu kuma babu labarin a takarda. Ba lallai wani ya yi ƙarya ba. Zuciya tana binne wasu abubuwa, mai rubutu kuma akwai abin da ba a taɓa faɗa masa ba.

Shi ya sa aka ɓullo da wata hanya mai tsada da cin rai. A zaɓi gari, a zaɓi wasu makonni ko shekara guda, a ɗauki duk jaririn da aka haifa a ciki, na mai kuɗi da na talaka, lafiyayye da bakwaini, tun ba wanda ya san wane ne zai yi ciwo. A auna, a rubuta, a dawo bayan shekara ɗaya ko biyu a sake. Idan ciwo ya bayyana a shekara 15, sai a buɗe abin da aka rubuta yana shekara 3, wanda ba a rubuta shi da sanin ƙarshen labari ba. Birtaniya ta fara nata babba a 1946 da jarirai 5,362 da aka haifa cikin mako guda na watan Maris, har suka tsufa ana bin su.

'Ya'yan Mandela

Wanda kika ji a rediyo, bisa dukkan alamu, shi ne na Soweto da Johanasbag. An saki Nelson Mandela daga kurkuku ranar 11 ga Fabrairun 1990. Bayan 'yan makonni, daga 23 ga Afrilu zuwa 8 ga Yuni, aka yi rajistar jarirai 3,273 da aka haifa a yankin, shi ya sa jama'a suka laƙaba musu suna 'Ya'yan Mandela. Da farko niyyar a bi su ne zuwa shekara 10, aka ƙara zuwa 20, yanzu sun haura 30, har 'ya'yan da suka haifa ana aunawa. Jami'ar Witwatersrand ce ke riƙe da aikin, kuma Farfesa Linda Richter na cikin waɗanda suka daɗe suna jan ragamarsa. Shi ne mafi girma kuma mafi daɗewa a irinsa a Afirka.

Abin da ake aunawa ya wuce tsawo da nauyi. Ana gwada hawan jini, ana ɗaukar hoton ƙashi, ana duba jini da fitsari, ana tambayar uwa halin gida da abin da ake ci. Da yaran suka kai balaga, maimakon a tuɓe su, sai a ba kowa zanen matakan girma ya nuna inda ya kai, tambayoyin kunya kuma ya amsa shi kaɗai ba a gaban mahaifiya ba. Wannan ladabin na cikin abin da ya sa suka ci gaba da dawowa.

Abin da ya fi girgiza ni a sakamakonsu shi ne wanda suka fitar a 2018 kan tashin hankali. Da suka haɗa abin da aka rubuta tun daga yarinta har farkon shekaru ashirin, kashi 99 cikin 100 na yaran sun gani ko sun ɗanɗani wani nau'in duka ko tashin hankali, a gida, a makaranta ko a unguwa. Yaro ɗaya cikin ɗari ne kawai ya tsira. Ki lura da abin da wannan adadi ke nufi ga tambayarki: da a ce ganin tashin hankali hukunci ne da ba ya tashi, da duk tsarar nan ta lalace. Ba haka aka gani ba. Abin da ake gani a irin wannan bincike shi ne, gwargwadon yawan abin da ya taru a kan yaro da daɗewarsa, gwargwadon ƙaruwar haɗarin.

Wahalar aikin tana wajen riƙe mutane. A Soweto kusan kashi 30 cikin 100 sun ɓace wa masu binciken cikin shekaru ashirin ɗin farko, akasari tun yaran suna ƙanana, saboda ana mayar da su ƙauye wajen kakanni. 'Ya'yan fararen fata kuma tun farko ba su shiga da yawa ba, domin a asibitocin kuɗi ake haihuwarsu. Na san zafin wannan a jikina. A ɗan aikin da na yi, mukan rubuta jariri ranar haihuwa da sunan mahaifiyarsa, tunda ba a yi suna ba. Bayan wata shida mu je gidan, a ce ai goyon ciki ta zo, ta koma ɗakinta a wani gari tun da ta yi arba'in. Lambar wayar da aka ba mu ta ƙanin miji ce, ya kuma canza layi. Akwai ranar da muka yini muna neman wani Muhammadu a wata unguwa, ashe muna ta wuce shi yana rarrafe a zaure, kowa Abba yake ce masa, mahaifiyar kuwa ɗan fari ne ba ta ko kama sunansa. Abin da ya fi damuna ba yinin da muka ɓata ba ne. Waɗanda ke ɓacewa su ne galibi waɗanda aure ya mutu, ko aka tashe su daga gidan haya, ko jaririn ya rasu aka ji nauyin faɗa. Wato waɗanda aka fi buƙatar sanin halinsu su ne ke fara zubewa daga littafi, sai sakamakon ya fito da kyau fiye da gaskiya.

Abin da aka gano game da ƙwaƙwalwa

A nan dole a je Dunidin, wani gari a kudancin ƙasar Niyu Zilan. Yara 1,037 ne, waɗanda aka haifa daga Afrilun 1972 zuwa Maris 1973. Darajarsa tana wajen riƙon da na ce yana da wuya: da suka kai shekara 45, kashi 94 cikin 100 na waɗanda ke raye sun zo awo. Wanda ya yi ƙaura zuwa wata ƙasa a biya masa kuɗin jirgi ya dawo, wanda ke kurkuku a bi shi can.

Abu biyu daga Dunidin suka sauya yadda nake kallon matasa. Na farko, da aka duba waɗanda ke da wata larurar ƙwaƙwalwa a shekara 26, rabinsu an riga an ga larura a tare da su kafin su cika 15, kusan kashi uku cikin huɗu kuma kafin 18. Ciwon da muke ɗauka na manya ne, a shekarun sakandare yake tsirowa, a gaban idon malamai irinku. Na biyu, zuwa shekara 45, kashi 86 cikin 100 sun taɓa cika sharuɗɗan wata larurar ƙwaƙwalwa aƙalla sau ɗaya, ko damuwa, ko fargaba, ko shaye-shaye. Ga da yawansu ta zo ta wuce, ga wasu ta canza kama. Wanda bai taɓa yi ba shi ne baƙo. Ina so iyaye su ji wannan da kyau, domin a wajenmu da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai a tuna mahaukacin da ke yawo a bola, a rufe bakin yaro don kada a ɓata sunan gida.

A Biristol ta Ingila, inda Farfesa Jean Golding ta yi rajistar masu ciki fiye da 14,000 a 1991 da 1992, an tambayi yara suna shekara 13 ko tsaransu na cin zalinsu. Da suka kai 18, kusan kashi 15 cikin 100 na waɗanda ake yawan ci wa zali suna da ciwon damuwa, a waɗanda ba a taɓawa kuwa kashi 5 da rabi ne. A wannan binciken ne kuma aka duba abin da ya shafe ki kai tsaye. 'Ya'yan matan da suka yi ciwon damuwa da ciki sun ɗan fi sauran shiga damuwa a shekara 18. Ƙarin yana nan, amma ba babba ba ne, kuma mafi yawan 'ya'yan matan nan lafiyarsu ƙalau. Game da damuwar bayan haihuwa, an ga tasirinta ne a gidajen da uwa ba ta yi karatu mai zurfi ba, wanda ke nuna cewa abin da ke kewaye da uwa yana iya tare wa ɗa.

Wani binciken Birtaniya na yara kusan 19,000 da aka haifa daga 2000 zuwa 2002 ya tambayi yaran da kansu suna shekara 14. Kashi 24 cikin 100 na 'yanmata da kashi 9 na samari suka nuna alamun damuwa masu yawa, kuma abin da iyaye suka faɗa game da 'ya'yansu sau da yawa bai zo daidai da abin da 'ya'yan suka faɗa ba. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska, amma ga ɗan shekara 14 na ga inda fuska ta ɓoye labarin. An taɓa kawo mini wata yarinya da ciwon kai da zafin ƙirji na wata biyar. An yi mata maganin maleriya da taifot ba sau ɗaya ba, har da ƙarin ruwa. Mahaifiyarta, mace mai kula ƙwarai, ta ce ba ta da wata damuwa, dama can mai kunya ce. Na roƙi mahaifiyar ta ɗan jira a waje tare da barin ma'aikaciyar jinya a ɗakin. Yarinyar ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce tun da aka mayar da ita makarantar kwana wasu manyan ɗalibai ke sa ta wanki da tsallen kwaɗo da dare, kuma takan yi fatan ta kwanta kada ta farka. Ba wanda ya taɓa tambayarta ita kaɗai.

Jiki ma yana riƙe lissafi

A ƙarshen shekarun 1980 wani likita mai bincike, David Barker, ya tono tsofaffin littattafan ungozomomi na wani yanki a Ingila, ya ga waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya bayan sun manyanta. Daga nan aka buɗe babi. Bincike biyar na ƙasashe masu tasowa, wato Birazil, Guwatemala, Indiya, Filifin da na Soweto, suka haɗa bayanansu. Abin da suka fitar a 2013 yana da amfani ga kowace uwa: yaron da ya yi tsawo da kyau a shekaru biyun farko yakan fi nisa a karatu, amma wanda ya tara ƙiba da sauri bayan ya wuce wannan lokaci yakan fi haɗuwa da teɓa da hawan jini idan ya girma. Don haka yaron da ya yi tamowa yana ƙarami ba a rama masa da lemon kwalba da kayan zaƙi yana saurayi. A riƙa duba hawan jininsa lokaci-lokaci, wannan shawara ce da nake ba duk wanda aka haifa bakwaini.

Kusa da mu, a Keneba da ƙauyukan da ke kewaye da ita a Gambiya, an riƙa rubuta haihuwa da mutuwa tun wajen 1950. A 1997 aka ba da rahoton cewa waɗanda aka haifa a lokacin yunwar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa sabon hatsi bai iso ba, sun fi mutuwa da ƙuruciya bayan sun wuce shekara 15, galibi da cututtuka masu yaɗuwa. Duk manomi a ƙasar Hausa ya san wannan lokaci. Amma da aka duba irin haka a Senegal da Bangladash ba a samu ba. Bincike ɗaya, komai kyansa, ba ya zama doka sai an sake gani a wani wuri.

Inda mudun ya tsaya

Abu biyu na iya tafiya tare ba tare da ɗaya ya haifi ɗaya ba. Talauci yakan zo da tawagarsa: ƙarancin abinci, hayaƙin icce, cunkoso, faɗan iyaye, makaranta marar malamai. Ware guda a ce shi ne mai laifi aiki ne ja. Misalin da na fi so shi ne na shayarwa. A Biristol, mata masu ilimi da hali su suka fi shayar da nono, kuma 'ya'yansu sun fi kaifin basira, sun fi ƙarancin ƙiba da hawan jini. Nonon ne, ko halin gidan? Sai aka kwatanta da Pelotas a kudancin Birazil, inda Cesar Victora da Fernando Barros suka fara bin jarirai 5,914 a 1982, suka sake ɗibar wasu a 1993, 2004 da 2015. A can shayarwa ba ta bin arziki. Da aka duba, alaƙar nono da basira ta tsaya a garuruwan biyu, amma ta ƙiba da hawan jini ba ta fito a Pelotas ba. Kashi ɗaya na labarin aikin nono ne, ɗaya kuma aikin aljihu. Haka nan a 2003 Dunidin ta fitar da wani sakamako da ya yi tashe, cewa wata ƙwayar halitta guda da ake gada daga iyaye na sa wahala ta fi jefa mutum cikin damuwa. Manyan nazarce-nazarcen da suka biyo baya ba su tabbatar da shi ba.

Yanzu ga gwajin da na yi miki alkawari. A 2021 masu binciken Dunidin da na wasu tagwaye a Birtaniya suka ƙirga wa kowane yaro yawan masifun da ya gani a ƙuruciya: duka, sakaci, rabuwar iyaye, ciwon ƙwaƙwalwa a gida da sauransu. A matakin rukuni lissafin ya yi aiki, masu masifu da yawa sun fi yin ciwo. Sai suka tambaya, idan aka ba mu adadin yaro ɗaya, za mu iya faɗin ko shi zai yi ciwo? Amsar ta fito da ɗan abin da ya ɗara canki-canka kaɗan. Da yawa masu adadi babba sun tashi lafiya, da yawa masu sifili sun kwanta. Koma ki dubi lissafin Biristol ta ɗaya gefen: cikin waɗanda aka fi ci wa zali, kashi 85 cikin 100 ba su da ciwon damuwa a shekara 18.

Me ke raba su? Wata mai bincike, Emmy Werner, ta bi yara 698 da aka haifa a tsibirin Kawai na jihar Hawai ta Amurka a 1955. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun taso cikin haɗari mai yawa, ga wahalar haihuwa, ga talauci, ga rikicin gida. Cikin waɗannan, kashi ɗaya cikin uku sun girma ba tare da wata matsala ba, kuma abin da ya yi ta maimaituwa a labarinsu shi ne samun aƙalla babban mutum guda da ya riƙe su da gaske, ko kaka, ko gwaggo, ko malami. Waɗanda suka yi tuntuɓe a samartaka ma, mafi yawansu sun daidaita kafin su kai shekara 40.

A Kingiston ta Jamaika kuma gwaji aka yi, ba kallo kawai ba. A 1986 da 1987 aka ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka ba su madara, wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta riƙa zuwa gida mako-mako har shekara biyu tana koya wa uwa wasa da hira da ɗanta da kayan wasan da aka haɗa a gida. Da suka kai shekara 17 zuwa 18, 'yan rukunin wasa sun fi ƙarancin fargaba da damuwa, a shekara 22 kuma kuɗin da suke samu ya ɗara na waɗanda ba a yi wa ba da kusan kashi 25 cikin 100. Tsumburewar ta riga ta faru kafin a fara, duk da haka hanya ta karkata. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ɗan shekara 15 bai bushe ba. Ƙwaƙwalwa tana ci gaba da ginuwa har cikin shekaru ashirin da wani abu.

Duk waɗannan manyan bincike ba a ƙasar Hausa aka yi su ba, don haka adadinsu ba namu ba ne, darasin ne namu. Yaron Dunidin bai san maleriya ko sikila ba, bai kuma san gidan da kaka da gwaggo da matar kawu duk ke da hannu a tarbiyyarsa ba. Aikin yana da tsada, har Amurka ta soke nata na yara 100,000 a 2014 bayan ta kashe fiye da dala biliyan ɗaya. Amma an taɓa yin ƙaraminsa a Najeriya: a ƙarshen shekarun 1950 wani likitan yara, David Morley, ya bi yara wajen 400 a Imesi-Ile, cikin jihar Osun ta yau, kuma daga aikinsa ne katin awon nauyin yara ya samo asali, wanda ake ba ku a wajen rigakafi. Ina yawan tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kama a 2010, inda fiye da 400 suka rasu. Waɗanda suka tsira yanzu samari ne da 'yanmata. A Dunidin an ga cewa yawan dalma a jinin yaro yana shekara 11 na tafiya da raguwar basira a shekara 38. Idan akwai yaran da suka cancanci a bi sawunsu da awo da taimako har girma, su ne.

Shi kuma yaronki

Ba a gane ciwo ta wasiƙa, sai an gan shi an taɓa shi. Amma abin da kika lissafa, barin abin da yake so, janyewa daga mutane, ciwon kai kullum, idan ya wuce mako biyu ya isa a kai shi asibiti, kada a jira ya wuce da kansa. Haihuwarsa bakwaini tana cikin lissafi, domin an ga irinsu, musamman waɗanda suka zo da wuri sosai, sun ɗan fi saurin fargaba da janyewa. Sai dai ni da zai zauna a gabana, abin da ke faruwa a wannan zangon karatu zan fara tona kafin na shekara goma sha biyar baya. Wa yake zama da shi a aji? Akwai mai cin zalinsa? Ƙarfe nawa yake ajiye waya ya yi barci? Yana ganin allo sosai? Zan duba jininsa ko ya yi ƙasa, in gwada hawan jini, in tambaye shi a keɓe game da maganin tari da ƙwayoyi, ba da sigar tuhuma ba. Wani abin da ya dame shi yana iya zama game da mahaifinsa da rabuwarku, wanda ba zai iya faɗa miki ba don yana tausayinki.

Ki nemo babban mutum guda da yake sakin jiki da shi, kawunsa ko malamin Islamiyyarsu ko mai koyar da su ƙwallo, ki roƙe shi ya riƙa jan sa a jiki ba tare da wa'azi ba. Addu'a da magani ba sa karo, a haɗa su. Kuma ki daure ki tambaye shi kai tsaye, cikin taushi, ko yakan ji ya gaji da rayuwa. Tambayar ba ta shuka tunanin a zuciyar da babu shi, wanda ke da shi kuwa sauƙi yake ji. Idan ya ce e, a ranar za a kai shi, kuma a kwashe fiya-fiya da shinkafar ɓera da tarin magunguna daga inda hannunsa zai kai. Babban asibiti mafi kusa ya isa a fara, su za su tura ku gaba idan da buƙata; akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen.

Kukan da kika yi a wancan gida ciwo ne ya same ki, ba abu ne da kika aikata wa ɗanki ba, kuma ke ce kika lura da sauyinsa tun kafin kowa. Ranar zuwa asibiti ki tafi da katin awonsa na jarirai idan yana nan, da sakamakon jarrabawarsa na zango uku na baya. Ki faɗa wa likita duk abin da kika faɗa mini, har da halin da ke kanki kika shiga, sannan ki ce za ki jira a waje, ki bar su su biyu ko da na minti goma ne.